Shayin Wankin Ciki, Ruwan 'Ya'yan Itace, Azumi ko Gyaran Tukunya: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka da Lafiyarka?

Mako guda bayan Babbar Sallah, lokacin da soyayyen naman layya ya fara ƙarewa a cikin robobi kuma kowa ya fara kukan nauyin jiki, yayata ta turo mini hotuna uku ta WhatsApp tana tambaya wanne za ta saya. Na farko kwalin shayi ne mai ɗauke da hoton wata mace shafaffiyar ciki, wanda aka ce ana shan sa kwana 28. Na biyu tallan wata mai sana'a ce a unguwarsu da ke haɗa ruwan kokwamba da abarba da citta da lemon tsami, ta kawo wa mutum kwalba shida kullum har kwana bakwai, da sharaɗin ba zai ci komai ba sai su. Na uku kuwa gorar ruwa ce da aka cika da wani baƙin jiƙo, wadda maƙwabciyarta ta sayo a tasha daga hannun mai maganin da ke shela da lasifika cewa yana fitar da dattin ciki da maiƙo da basir da sanyi a dare ɗaya. Ta ce jikinta ya yi mata nauyi, cikinta yana kumbura, kuma tana ji a ranta cewa akwai dattin da ya kamata ya fita. Abin da na tambaye ta shi ne sunan dattin, domin duk wanda zai zaɓi hanyar fitar da wani abu daga jikinsa, ya kamata ya fara sanin mene ne abin.

Wannan tambaya ita ce masu tallan tsabtace jiki ba sa son a yi musu. Jikin ɗan Adam yana da ma'aikatan shara da ba sa hutu. Hanta, wadda nauyinta ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi a jikin baligi, tana karɓar abin da ya shigo daga hanji, ta sauya magunguna da sinadarai masu cutarwa zuwa siffar da za su iya narkewa su fita ta fitsari ko ta ruwan matsarmama. Ƙoda biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, wato jarka tara mai cin lita 20, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Idan waɗannan gaɓoɓi suna da lafiya, ba su tara datti kamar kwatar da ke jiran a yashe ta. Idan kuma sun lalace, babu shayi ko jiƙon da zai yi musu aikinsu. A shekarar 2015 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Klein da Kiat, sun tattara abin da aka rubuta a kan shirye-shiryen abinci na fitar da guba, suka tarar babu wani ingantaccen gwaji da ya tabbatar cewa suna fitar da guba ko suna rage ƙiba ta dindindin. Duk da haka hanyoyin ba ɗaya suke ba. Wata tana da ɗan amfani, wata asarar kuɗi ce kawai, wata kuma tana iya kai mutum gadon asibiti, don haka akwai dalilin auna su ɗaya bayan ɗaya.

Shayin kwali da jiƙon tasha sun bambanta a sutura da farashi, amma galibi aikinsu ɗaya ne, kuma da yawa daga cikinsu ganye ɗaya suke dogara da shi. Da yayata ta juya kwalin ta ɗauko mini hoton ƙananan rubutun da ke bayansa, sunan farko a jerin kayan haɗin shi ne senna, ɗan'uwan filaskon da kakanninmu suka daɗe suna jiƙawa da tsamiya idan ciki ya ƙi motsi. Filasko magani ne na gaske, har a asibiti ana ba da ƙwayarsa. Sinadarin da ke cikinsa yana tsokanar babban hanji ya riƙa matsawa da ƙarfi, ya kuma hana shi tsotse ruwa, shi ya sa wanda ya sha da daddare yake wayar gari yana zarya zuwa banɗaki bayan awa shida zuwa goma sha biyu. Abin da ke fita bayan gida ne da ruwa, sai majinar da hanji ke fitarwa saboda an takura masa, kuma wannan majinar ce mai magani yake nuna wa mutane a matsayin shaidar cewa maiƙo ya fita. Kitsen jiki ba ya bi ta wannan hanya, domin ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abincin kafin maganin ya fara aiki a babban hanji. Sauƙin da mutum yake ji da safe, da kilo ɗaya ko biyu da yake gani sun ragu a kan sikeli, ruwa ne da zai dawo da zarar ya sha ya ƙoshi.

Matsalar tana cikin tsawon lokaci. Likitoci ba sa so a wuce mako guda ana shan filasko ba tare da kulawarsu ba, amma ga kwali yana umartar kwana 28. Gudawar da aka jawo da gangan tana tafiya da ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi, kuma wanda ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari ko maganin zuciya ya fi kowa shiga haɗari. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ke haura digiri 40, mutum yana zubar da ruwa ta gumi yana kuma zubarwa ta gudawa, ƙoda ce ke biyan bashin. Macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani cewa gudawa mai tsanani tana iya hana ƙwayar aiki. Sannan wanda ya saba da shi na tsawon watanni yakan tarar cikinsa ba ya motsi sai da shi, ya ƙara yawan abin da yake sha, ana maganin ƙaba kai yana kumbura.

Tsakanin na kwali da na gora, na kwali ya fi da abu ɗaya, wato ana iya karanta abin da aka ce yana ciki. Sai dai rubutu ba shi ne gaskiya ba kullum. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin shayin rage ƙiba, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A Amurka, hukumar kare masu sayayya ta FTC ta kai kamfanin shayin Teami ƙara a 2020 kan iƙirarin lafiya marasa hujja da kuma biyan fitattun mutane su yi talla ba tare da sun bayyana a fili cewa biyan su aka yi ba, aka yanke masa dala miliyan 15.2, ya biya miliyan ɗaya bisa dalilin rashin hali. A Najeriya kuma mutane da yawa suna ganin lambar NAFDAC su saki jiki, alhali lambar maganin gargajiya da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba cewa ba ya cutarwa nan take, ba a tabbatar yana warkar da abin da ake cewa yana warkarwa ba, kuma akan rubuta hakan a jikin kwalbar da ƙananan haruffa. Gorar tasha ba ta da ko wannan. Ba a san saiwa ko sassaƙen da ke ciki ba, ba a san ƙarfin jiƙon yau da na gobe ba, kuma mai maganin yakan bar garin kafin wanda ya sha ya fara kumburin ƙafa. Ba ina raina ilimin itatuwa ba ne. Tsohuwar da ta san filasko ta san adadin da ake jiƙawa, ta kuma san ba a ba mai ciki. Wanda ke haɗa abu goma a jarka yana sayar wa duk wanda ya miƙo kuɗi, shi ne abin tsoro.

Akwai darasi a kan kanwa, wadda wasu ke jefawa cikin jiƙon wankin ciki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, domin kanwa cike take da sinadarin gishiri da ke tara ruwa a jiki. Abu ya zama na gida kuma na gado ba ya hana shi yin illa idan ya yi yawa.

Shirin ruwan 'ya'yan itace ya fi kyan gani, ya fi tsada, kuma ga mai cikakkiyar lafiya ya fi shayin filasko sauƙin haɗari. Asalinsa ba namu ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Stanley Burroughs ne ya yaɗa shan ruwan lemon tsami da jan barkono da ruwan zaƙin bishiyar mapul na kwana goma tun a shekarun 1940, kuma yawancin shirye-shiryen da ake tallatawa yau jikokinsa ne da aka sauya wa kayan haɗi. Nauyi yana raguwa da sauri a kwana ukun farko, kuma dalilin sananne ne: jiki yana ajiye kusan rabin kilo na suga a hanta da tsoka, kowane giram yana riƙe da ruwa kimanin ninki uku, don haka idan aka daina cin tuwo da shinkafa, ajiyar takan ƙare ta tafi da ruwanta. Ranar da aka koma cin abinci, ajiyar ta dawo da ruwanta. Abin da ba ya dawowa da sauƙi shi ne tsokar da jiki ya ci saboda kwana bakwai babu wake, babu ƙwai, babu nono, babu kifi, alhali ita hantar da ake cewa ana hutar da ita tana buƙatar sinadaran gina jiki don gudanar da aikin tacewar.

Akwai kuma abin da ake zubarwa wajen tacewa. Wanda ya ci yankan abarba ko kankana ya haɗiye ta da zarenta, kuma zaren ne ke rage saurin shigar suga cikin jini, shi ne kuma ke ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Idan aka markaɗa aka tace, an jefar da abin da ya fi amfani ga cikin da ake son wankewa, an bar ruwan suga. Ga mai ciwon suga wannan wasa da wuta ne ta fuska biyu, domin sugansa na iya hawa bayan kowace kwalba, ya kuma faɗi warwas idan yana shan magani ba ya cin abinci. Mai gyambon ciki da aka ɗora wa lemon tsami da citta a kan ciki wayam ba sai an gaya masa sakamakon ba. Mai raunin ƙoda kuma ya yi hattara da koren haɗin da ake cikawa da ɗanyen alayyafo, domin likitoci sun rubuta labarin mutanen da ƙodarsu ta samu matsala saboda yawan sinadarin okzalet da ke cikin irin waɗannan ganyaye. Abin da zan yaba wa wannan shiri shi ne yana raba mutum da lemon kwalba da soye-soye na mako guda, kuma wani yakan fara son kayan lambu daga nan. Amma ana iya samun wannan ribar da rubu'in kuɗin, idan aka je kasuwa aka sayo kayan aka ci da haƙori.

Zoɓo ya cancanci a ware shi, saboda yana da hujjar da sauran ba su da ita, ko da yake ba ta wankin jiki ba ce. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya ba wasu daga cikin mutum 65 kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki bakwai. Wannan zoɓo ne marar suga, ba irin na biki da ake zuba wa suga da kayan ƙamshin kanti har ya koma sirof ba, kuma bai maye gurbin maganin hawan jini ba.

Wasu hanyoyin ba su buƙatar dogon nazari. Shan man zaitun da lemon tsami don fitar da duwatsun matsarmama yakan sa a ga wasu korayen dunƙule a bayan gida, amma da likitoci a Niyu Zilan suka auna irinsu a 2005, sai suka tarar sabulu ne da man da ruwan lemon suka haɗu suka yi a cikin hanji. Garin gawayin da ake zubawa a abin sha yana da aiki a asibiti ga wanda ya haɗiyi guba, cikin kusan awa guda da haɗiyar, amma a gida abin da zai kama shi ne maganin da likita ya rubuta maka. Ɗura ruwa ta dubura don wanke hanji ya samo asali ne daga tsohon tunanin cewa bayan gida yana ruɓewa a ciki yana sa wa jini guba, tunanin da ya sa wani likitan tiyata a Landan, Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke wa mutane babban hanji a farkon ƙarni na 20 kafin ilimi ya watsar da ra'ayin. Haɗarinsa ya haɗa da huda hanji da shigar da cuta. Shan ruwan gishiri kuwa mun ga ƙarshensa da idonmu a watan Agustan 2014, lokacin da saƙon waya ya zagaye Najeriya cikin dare cewa yana kare mutum daga Ebola, aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu da dama.

Azumi daban yake, kuma a nan ya kamata a yi magana da natsuwa. Musulmi yana azumtar Ramadan da Litinin da Alhamis don ibada, Kirista ma yana da nasa, kuma ladan ibada ba abin da ake aunawa da sikeli ba ne. Abin da ake iya aunawa shi ne amfaninsa ga jiki, wanda Turawa suka farga da shi suka mayar da shi tsari: wasu su ci abinci cikin awa takwas su kame awa goma sha shida, wasu su ci yadda suka saba kwana biyar su rage sosai kwana biyu a mako, wanda duk mai azumin nafila zai ga kamar ya san shi. Masu talla suna yawan ambaton Yoshinori Ohsumi, ɗan Japan da ya ci kyautar Nobel a 2016 saboda gano yadda ƙwayar halitta ke cinye lalatattun sassanta ta sabunta kanta, amma galibin aikinsa a kan yis ya yi shi, bai ce awa kaza na yunwa yana wanke jikin mutum ba. Gwajin da ya fi kusa da tambayarmu an yi shi a kudancin ƙasar Sin, aka wallafa a 2022: mutum 139 masu ƙiba, shekara guda, rabi suna rage abinci kawai, rabi suna ragewa tare da taƙaita cinsa daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Duka ɓangarorin sun rage nauyi, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Ma'ana, azumi yana aiki ne gwargwadon yadda ya rage abin da ke shiga ciki.

Wannan ne ya sa faifan buɗa-baki yake yanke hukunci. Wanda ya wuni da ƙishi, ladan na kiran Magariba ya fara da ƙanƙarar lemon kwalba, ya bi da ƙosai da soyayyen dankali da ƙwai da kunu mai suga cokali huɗu, ya dawo daga Tarawihi ya zauna wa shinkafa da miya, ya mayar da abin da ya rage har da riba. Hadisin da ya raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, ya riga duk waɗannan gwaje-gwajen faɗar inda maganar take. Idan aka kwatanta da shayi da ruwan 'ya'yan itace, azumi ya fi su ta fuska uku: ba a biyan ko kwabo, ba a saka wa jiki wani baƙon sinadari, kuma al'adarmu ta riga ta shimfiɗa masa wuri, don haka ana iya ɗorewa a kansa shekara da shekaru. Rauninsa shi ne ƙishirwa a ƙasa mai zafi. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon suga da ke allurar insulin, mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon sikila su nemi shawarar likita kafin su ƙara azumin nafila da sunan neman lafiya, tunda ko na farilla an yi wa marar lafiya rangwame. Haɗa azumi da shayin filasko a sahur, kamar yadda wasu mata ke yi don a fito Sallah da shafaffen ciki, shi ne mafi muni a cikin duk haɗin da na sani.

Wanda ke son ganin yadda fitar da guba na gaskiya yake, ya tuna Zamfara. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje, kuma aƙalla yara 400 suka rasu. Gubar tana da suna, ana auna ta a jini da lamba, akwai maganin da ke kama ta ya fitar da ita ta fitsari, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa bayarwa, ana sake awo don a ga ta sauka. Abin lura shi ne a Bagega likitocin sun jira sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen a 2013 kafin su fara ba yara magani, domin babu amfanin fitar da guba daga jikin yaron da zai koma ya yi rarrafe a kanta. Babu ɗaya daga cikin kwalin shayi ko gorar tasha da ya cika ko sharaɗi guda daga cikin waɗannan.

Idan aka bi wannan misali, tambayar ta koma ta inda guba ke shigowa gidajenmu, kuma ƙofofin sanannu ne. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai haifar da gubar aflatoksin, wadda ke jawo kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ƙuli-ƙuli da tunkuza da aka yi da ragowar gyaɗar da aka tsince suna cikin abin zargi. Haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna yana jikin kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Najeriya, yawancinsu ba su sani ba. Akwai haɗin ƙwayoyin gajiya da lebura ko ɗan acaɓa ke karɓa a kemis kowace yamma, masu ɗauke da diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke cin ƙoda da bangon ciki a hankali. Akwai farasitamol da ake sha fiye da giram huɗu a rana, wake da aka adana da fiya-fiya, ayaba da mangwaron da aka nuna da kabaid, da ruwan rijiyar da ke kusa da masai. A yankunan da ciwon ƙoda ya yi katutu, kamar Gashuwa da Haɗeja, iyalai sun san kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuma wanda ya ga haka ba zai ɗauki ƙodarsa ya miƙa wa jarkar da ba a san abin da ke ciki ba.

Hanya ta ƙarshe, gyaran tukunya, ita ce ba ta da mai talla saboda babu wanda zai ci riba da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni masu sauƙin riƙewa: gishiri ƙasa da giram biyar a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, suga kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12, adadin da robar lemo ɗaya mai rabin lita ke cinyewa, kayan lambu da 'ya'yan itace giram 400, zaren abinci giram 25, motsa jiki minti 150 a mako. Abincinmu na asali ya riga ya san hanyar nan. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ya koma fari fat ba, miyar kuka da kuɓewa da daddawa, kwaɗon zogale ko rama, dambu, faten acca da yakuwa, wake da ɗanwake, goba da gwanda da ɗinya a lokacinsu, duk suna ba hanji zaren da yake buƙata, kuma mafi yawan masu kukan kumburin ciki da basir matsalarsu ta taurin bayan gida ce da farar shinkafa da burodi da taliya da ƙarancin ruwa suka haifar. Aibin wannan hanya a bayyane yake. Ba ta da abin nunawa washegari, tana ɗaukar makonni kafin a ji bambanci, wake da ganye sukan ƙara iska a ciki a kwanakin farko idan aka yawaita su lokaci guda, kuma tukunya ta gida ce gaba ɗaya, sai maigida da yara sun yarda a rage magi da mai.

Saboda haka zaɓin ya danganta da abin da ke damun mutum. Wanda cikinsa ya ɗaure na kwana biyu ko uku, filasko ko ƙwayarsa ta kemis na dare ɗaya ko biyu ya wadatar, a matsayin maganin taurin ciki kawai, sannan ya gyara ci da sha. Wanda ke zargin tsutsar ciki, wankin cikinsa na gaskiya ƙwayar albendazole ce, mai fitsarin jini a garuruwan bakin ruwa kuma maganin tsargiya yake buƙata daga asibiti. Mai son rage ƙiba da ke da ƙoshin lafiya, azumi mai tsabtataccen buɗa-baki tare da gyaran tukunya ya fi masa kowane kwali. Wanda ya nace sai ya yi shirin ruwan 'ya'yan itace, ya taƙaita shi zuwa kwana ɗaya ko biyu, ya markaɗa ba tare da tacewa ba. Amma wanda idonsa ya yi rawaya, ko ƙafarsa ke kumbura, ko fitsarinsa ke kumfa, ko yake ganin jini a bayan gida, ko yake ramewa babu dalili, kowace rana da ya ɓata yana shan jiƙon shawara ko na basir rana ce da cutar ta samu ta ƙara zama.

Yayata ba ta sayi ko ɗaya daga cikin ukun ba, ko da yake ta ce na cika dogon bayani. Kuɗin da ta ware wa kwalaben kwana bakwai ta kai ɗakin gwaji aka duba mata suga da ƙoda da ciwon hanta, aka kuma auna jininta. Na hanta da na ƙoda sun fito lafiya, amma awon jinin ya nuna 150 bisa 95, aka ce ta dawo bayan mako biyu a sake aunawa, abin da ba ta taɓa zato ba domin ba ta jin ciwon kai. Gorar baƙin jiƙon tana nan a kan tagar maƙwabciyarta, an sha rabi.